Babi na Shida: Ina Ubansa?

Duk wanda ya zauna a Yola ko Jimeta cikin shekarun nan ya san 'yan Shila. In bai gamu da su ba, ya san wanda ya gamu da su. Samari ne, da yawansu ko gemu bai fito musu ba, suna yawo da wuƙa ko adda, wani lokaci su shiga Keke Napep kamar fasinjoji, sai an kai inda ba jama'a su zare makami su karɓe waya da jaka. Daga Jambutu zuwa Doubeli, daga Luggere har cikin garin Yola, mata sun daɗe da koyon cusa waya cikin jaka in magariba ta kawo jiki. Da Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya karɓi mulki a watan Mayun 2019, maganin yaran nan na cikin alkawuran da ya fara yi wa jama'a, kuma tun daga lokacin ake kama su rukuni-rukuni. Wasu ba sa ma kaiwa hannun hukuma. An sha kama yaro da zargin ƙwacen waya, jama'a su kashe shi nan take, wani lokaci har da cinna masa wuta.

Yadda ake nuna waɗanda aka kama kusan iri ɗaya ne kullum. A zaunar da su a ƙasa a jere, wasu ba riga, a baza wuƙaƙe da wayoyi a gabansu, a ɗauki hoto. Kafin la'asar hoton ya zaga Facebook da WhatsApp. Abin da ya sa na kawo maganar a wannan babi shi ne abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton. Bayan masu addu'a da masu cewa a kashe su kawai a huta, sai ka ga an juya kan wata da ba ta cikin hoton. "Laifin iyaye mata ne." "Ka bincika, za ka tarar uwarsa bazawara ce." "Ɗan mace ai sai addu'a." "Su ke ɓoye musu kayan sata a ƙarƙashin gado." Za ka yi ta jan allon waya har yatsa ya gaji kafin ka ci karo da mutum ɗaya da ya tambayi inda uban yaron yake.

Wannan ita ce uwar da waya ta fi zana mana in an yi ɓarna: matar da ɗa namiji ya fi ƙarfinta, mai sanyin hannu, mai rufa masa asiri. A wani shafin kuma, sau da yawa a bakin mutanen nan dai, akwai wata uwar da ta saɓa da wannan gaba ɗaya. Ita riƙon ne ya yi mata yawa. Ita ce Hajiyar da ta shagwaɓa ɗanta har ya kai talatin bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, ta zaɓa masa mata, ta bi shi gidan aurensa da kwanon tuwo, ta hana amarya sakat. 'Yan barkwancin TikTok sun samu abinci a nan. Namiji ya ɗaura zani da ɗankwali, ya murtuke fuska ya zama uwar miji, abokinsa ya zama ɗan Hajiya da ba ya iya sayen gishiri sai ya buga waya gida. Finafinan Kannywood sun daɗe da share wannan hanya, waya gajarta labarin kawai ta yi zuwa minti ɗaya, ta yar da duk abin da zai sa ka tausaya wa matar. Ranar da wani kuma ya sayi mota ko ya gama karatu ya sa hotonsa da tsohuwarsa, nan da nan a cika wurin da kirari da addu'a. Wannan uwar waliyyiya ce, ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta neman komai a hannun kowa, don haka ba wanda take bi bashi.

Ko wacce daga cikinsu ka ɗauka, abu ɗaya za ka lura da shi: ita kaɗai ce da yaron, kamar daga sama ya faɗo mata.

Wanda ya tashi a Bako ko Makama ko Toungo, tsofaffin unguwannin cikin garin Yola, ya san ba haka aka tsara renon ɗa namiji a garin nan ba. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, gidajen garin a kan zaure da cikin gida suka ginu, kuma rayuwar yaro daga ciki take farawa ta nufi waje. Shekarun farko na uwa ne, nono da goyo da yaye. Ko a nan ma ba ita kaɗai ba ce. In ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko kiran sunansa, Fulani sun tsananta a wannan, Hausawa ma haka. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki a gaban surukai sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi, ita kuwa zuciyarta na ƙuna. Sau da yawa da an yaye shi kaka ce ke tafiya da shi, ko goggo, ko wata yapendo, wato 'yar'uwar uwa, da Allah bai ba haihuwa ba. Akwai dattawa a Yola yau da sai da suka yi wayo sannan suka gane cewa matar da suke kira Adda, wato yaya, ita ta haife su, wadda suke kira Dada, wato uwa, kuwa kakarsu ce.

Da ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, aka yi masa kaciya, sai ya fita daga ɗakin mata. Kwanansa ya koma zaure ko ɗakin samari tare da yayyensa. Da asuba uba ko hamma, wato yayansa, ya tashe shi zuwa masallaci. Malamin allo na nan da bulalarsa. In gidan masu shanu ne ya bi garke, in na manoma ne ya bi su fadamar Binuwai, in na 'yan kasuwa ne ya zauna a bakin rumfa yana koyon lissafi da yadda ake gaida manya. Bappa na da ikon hukunta shi ba tare da neman izinin kowa ba. Kawu shi ne mai jan shi a jiki, ya ji abin da ba zai iya faɗa wa uba ba. Maƙwabci in ya gan shi inda bai dace ba zai kora shi gida da tsawa, kuma da dare uban ya je ya yi godiya. Da ake cewa ɗa na kowa ne, aiki ne aka raba, kuma kaso mafi girma na tarbiyyar yaro namiji, daga shekara bakwai har ya yi aure, a wuyan maza yake. Ba ina cewa zamanin ya fi namu ta kowace fuska ba ne. An yi dukan da ya wuce kima, an yi yaran da riƙo ya cuta har suka girma da tabon a zuci. Abin da nake so a riƙe shi ne wanda al'ada ta ɗora wa aikin.

Yanzu a dubi abin da ya rage. Gidan haya a Jimeta, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ba zaure, ba ɗakin samari. Bappa yana Abuja ko Legas, ko yana nan amma ba ya son abin da zai haɗa shi da ɗan wani. Maƙwabci ya koyi kame bakinsa tun ranar da ya tsawata wa yaro aka zo har ƙofar gida aka ci masa mutunci. Uba, in yana nan, ya fita da sassafe, ya dawo bayan isha, ya ci abinci ya wuce majalisa. Hannayen da ke riƙe da yaron sun saki ɗaya bayan ɗaya har saura guda, kuma wannan gudan da bai saki ba shi ake bugu a Facebook.

A Adamawa akwai wani dalili da bai kamata mai maganar "ɗan mace" ya manta da shi ba. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunta. Mutane suka kwararo Yola ta kowace hanya, a mota, a ƙafa, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru. Sansanonin Malkohi da Fufore da na masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare suka cika. Cocin Katolika na Saint Theresa a Jimeta, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, ya buɗe harabarsa ga dubban mutane. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ƙungiyar Adamawa Peace Initiative suka yi ta rabon abinci. Mafi yawan waɗanda suka gudo ma ba su shiga sansani ba, gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka raɓa. Duk wanda ya ga layukan karɓar abinci a lokacin ya san su waye suka cika su: mata da yara. Maza an kashe, ko an tafi da su, ko gudu ya raba. A 2015 kuma bama-bamai suka tashi a cikin Jimeta kanta, a kasuwa cikin watan Yuni, a masallacin Juma'a na Jambutu cikin Oktoba, a wata kasuwar kayan gwari cikin Nuwamba, aka ƙara yawan matan da ke takaba. Yaron da aka goyo daga Michika yana ɗan shekara uku ya kai sha uku a 2024. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba ina jingina 'yan Shila ga 'yan gudun hijira ba ne. Ina nuna yawan gidajen da yaƙi ya bar wa mace ne, da kuma nauyin kalmar da wani ke jefawa daga kan katifarsa. In ya rubuta cewa ɗan da mace ta rena ba ya albarka, da matan nan yake, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai maganar saki, wadda ta fi yaƙi daɗewa a cikinmu. Mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda ake karanta Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil a zaurukan malaman Yola, ta ba uwa haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Amma ci da sha da sutura, duk a kan uba suke, ko yaron na hannunsa ko ba ya hannunsa, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta fayyace wanda ke ɗauke da ciyarwa da tufatarwa. Uba ne waliyyi, shi ke da alhakin karatun yaro da ladabtar da shi. A aikace fa? Wani ya ƙwace yaro da an yaye shi don ya ƙuntata wa uwar, ya miƙa wa matar uba, ko ya tura shi almajiranci yana ɗan shekara shida. Wannan yaron da ke kwana a tasha ba wanda zai ce tarbiyyar mace ce ta kai shi can, daga gaban uwarsa aka ɗauke shi tana kuka ba ta da ta cewa. Wani kuma ya bar mata su duka, ya yi sabon aure, ko sabulu ba ya aikowa. In ta kai ƙara, alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya bayar sau ɗaya ko biyu ya daina. Ita kuwa kuɗin motar komawa kotu ma aiki ne, ga 'yan'uwa na cewa ta tona asirin uban 'ya'yanta. In ta sake aure yaron ya zama agola, loma da gori. In ta ƙi aure don ta zauna da su, unguwa ta sa mata ido. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta labarin irin wannan mata tun 1990 a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, inda Rabi ta koma sayar da abinci don ta riƙe 'ya'ya tara bayan miji ya kore ta. Wanda ya karanta shi yau zai ɗauka jiya aka rubuta.

Akwai wata mai ƙosai a Bako da na daɗe da sani, mijinta ya rasu ya bar mata maza uku. Tun dare take jiƙa wake ta surfa. Kafin kiran sallar farko ta tashi, babban ya ɗauki roba ya kai niƙa, na tsakiya ya hura wuta, ƙaramin ya jera kwanonin koko. Da rana ta ɗago sun wuce makaranta da kuɗin tara daga cinikin farko. In magariba ta yi sai ta ƙirga su, wanda bai shigo ba ta san ƙofar da za ta je ta tsaya. Wata rana na tsakiyan ya shigo da waya mai shafawa a aljihu. Tana tsame ƙosai ta hango hasken.

"Ta waye?"

"Dada, wallahi abokina ne ya ba ni aro."

"To, mu je ka nuna min abokin."

Ta bar wa maƙwabciya kasko da matsami, ta zura hijabi, ta sa shi gaba har gidan. Aka yi sallama, abokin ya fito, uwarsa ta fito, ashe gaskiya yaron ya faɗa, aron ne. Duk da haka sai da ta sa ya mayar a gabanta. A hanyar dawowa ta ce masa abin da ba ita ta saya masa ba ba ya kwana a ɗakinta. Da hutu ya zo ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani mai walda, ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana na kawo maka." Matar nan ta san abin da take yi. Ta san akwai abin da yaro zai koya a hannun namiji, shi ya sa ta fita neman namijin da zai karɓa. Wayarta ƙarama ce, irin mai tocila. Ba ta taɓa ganin abin da ake rubutawa a kan irinta ba, amma 'ya'yanta suna gani.

Akwai kuma abin da na lura da shi a ƙofar duk inda aka tsare yara. Waɗanda ke zaune a inuwar katanga tun safe, da kular abinci da ruwan leda, mata ne. Su ke roƙon a bar su su gan shi, su ke sayar da akuya ko keken ɗinki don neman beli, su ke faɗuwa suna kuka in an fito da shi da ankwa. Uban sau da yawa ya aiko da saƙo ne: na sallama shi, ba ɗana ba ne, a yi masa duk abin da doka ta ce. Sai a yaba masa, a ce dattijo ne mai gaskiya. Mai ɗaukar bidiyo kuwa abin da ke gabansa yake ɗauka. Wadda ta zo ita ake gani, kukanta ya zama shaidar cewa ita ta lalata shi, wanda bai zo ba kuma ba fuskarsa ba sunansa.

Me ya sa irin wannan magana ke yaɗuwa haka? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda aka ƙera dandalin kansa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. Cikin abin da suka nuna akwai cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alamar babban yatsa kuwa maki ɗaya, kafin daga baya a sauya lissafin. Ma'ana, rubutun da ya tunzura mutane shi ake ƙara turawa gaban wasu. Daga baya kuɗi ya shigo ciki: dandalin X ya fara biyan masu rubutu a 2023, Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a 2024. Saurayin da ke neman mabiya ya gane da wuri cewa in ya rubuta labarin mai ƙosai da 'ya'yanta ba mai tsayawa. In ya rubuta "Kada ka ba ɗan mace auren 'yarka," maza za su zo su yarda, mata su zo su yi raddi, a kwana ana yi, shi kuwa lissafinsa na hawa. Ba sai ya yarda da abin da ya rubuta ba.

Ba mu muka fara ba. A Amurka, a 1965, wani jami'in gwamnati mai suna Daniel Patrick Moynihan ya fitar da rahoto kan iyalan baƙaƙen fata, ya jingina yawancin matsalolinsu ga gidajen da mata ke shugabanta, aka yi shekaru ana jifan matan da wannan. A 1994 masu bincike biyu, Sara McLanahan da Gary Sandefur, suka wallafa nazarinsu kan yaran da suka tashi a hannun ɗaya daga cikin iyayensu. Sun tarar da gaske ne yaran sun fi fuskantar barin makaranta da wasu matsaloli, amma kusan rabin bambancin daga ƙarancin kuɗin shiga yake zuwa, sauran kuma na da alaƙa da raguwar kulawa da yawan ƙaura daga unguwa zuwa unguwa. Wato abin da yaron ya rasa shi ne abin da uba ya tafi da shi, aljihunsa da idonsa. A TikTok ɗin Amurka ma yanzu akwai matan da ke kiran kansu iyayen maza, suna nuna son 'ya'yansu maza har ya wuce misali, wasu kuma suna yi musu ca. Salon ya iso mana, shi ya sa za ka ga matashiya a unguwar Karewa ta sa hoton ɗanta tana kiransa sarkinta, kakarta kuwa ko sunan nata ɗan ba ta iya furtawa. Tsakanin matan nan biyu shekara hamsin ce kacal, kuma kowacce akwai masu zaginta.

Masu kare iyaye mata sukan jero sunaye, kuma sunayen gaskiya ne. Atiku Abubakar, wanda aka haifa a Jada a 1946, mahaifinsa ya rasu a ruwa a 1957, mahaifiyarsa Aisha Kande ta ci gaba da riƙe shi. Muhammadu Buhari yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, Hajiya Zulaihatu ta rene shi a Daura. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad ɗan Hambali da Imamu Bukhari duk marayu ne da suka tashi a hannun iyayensu mata. Amma ni abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan ba shi ne mace za ta iya ita kaɗai ba. Mahaifiyar Shafi'i ta ɗauke shi daga Gaza yana ɗan shekara biyu ta kai shi Makka, cikin dangin ubansa da malamai, kuma suka karɓe shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, da Nana Amina ta rasu kakansa Abdulmuɗɗalibi ya ɗauke shi, bayansa baffansa Abu Ɗalibi. A duk labaran nan akwai mazan da suka miƙo hannu. Wanda ya kawo sunayen don ya ce wa bazawara ta yi haƙuri ta zama kamar su, ya tsallake rabin labarin, kuma rabin da ya tsallake shi ne nasa.

Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a zargin ba, domin akwai. Akwai uwar da ɗanta ya kawo waya ta dubu ɗari ba ya aikin komai, ta karɓa ta sa albarka. Akwai wadda maƙwabci ya kawo ƙara ta fito da zagi. Kuma akwai abin da ya fi waɗannan yawa, wanda kusan kowane gida ke yi: 'ya mace na wanke-wanke da shara da raino tun tana shekara shida, ɗan'uwanta na kwance yana jiran a kawo masa abinci, in ya taɓa tsintsiya a ce ba aikin maza ba ne. Matan da ke kuka da mazan da ba sa iya ɗauke kwanon da suka ci abinci suna da hujja, kuma iyaye mata na da hannu a ciki. Sai dai a tambaya, wa yaron ya gani yana yi? Uwar da ta sa ɗanta wanke kwano, sau nawa uba ko kaka ko bappa ke shigowa su ce za ta mayar da shi ɗan daudu? Uwar mijin da ta manne wa ɗanta kuma, kafin a yi mata dariya a dubi rayuwarta. Mace ce da ta yi shekara talatin a gidan da za a iya sakinta da kalma ɗaya, ko a yi mata kishiya ba shawara, ba fansho, ba gida da sunanta. Abin da ta tabbata nata ne a duniya shi ne ɗan nan. Wannan bai halatta mata cutar da 'yar mutane ba, kuma ina tare da amaren da ke shan wuya a hannun irinta. Amma tsoro ne ke sa ta riƙe shi haka, kuma ba ita ta ƙirƙiri abin da take tsoro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da maganganun nan ke yi a cikin gida, domin ba a waya suke tsayawa ba. Matar da ta san ana jiran ɗanta ya yi kuskure a ce ai dama, sai ta ƙara tsanani. Ta doke shi a kan abin da bai kai ba, don kada a ce ta yi sanyi. Ta daina jan shi a jiki, don kada a ce ta shagwaɓa shi. Wata ta kai ga yanke shawarar rabuwa da shi gaba ɗaya, ta mayar da shi gidan uban da bai neme shi ba, ko ta yarda a kai shi wani gari karatu, saboda an cusa mata cewa zamansa a gabanta shi ne cutarsa. Na ji mata da bakinsu suna faɗin haka, suna cewa gara ya tafi ya sha wuya ya zama namiji.

Shi ma yaron yana karantawa. Ɗan shekara sha uku a Jimeta yau, ko ba shi da waya, abokinsa na da ita. Ya ga an rubuta cewa irinsa ba ya albarka, ya ga ɗaruruwan manya sun yarda, ciki har da masu gemu da masu digiri. Washegari a filin ƙwallo wani ya kira shi ɗan mace, a yi dariya. Daga nan ya fara jin nauyin a gan shi yana kai niƙa, ya fara tafiya nesa da uwarsa in za su kasuwa, in ta kira shi a gaban abokai ya yi kamar bai ji ba. Yana neman inda zai nuna shi namiji ne, yana neman babban da zai kira shi da sunansa ya ce zo ka zauna. Bappa bai kira ba, maƙwabci bai kira ba, liman bai san shi ba. Waɗanda ke kira su ne samarin da ke zama a kan kwalbati a bakin layi bayan isha, kuma su ba sa tambayar wa ya rene shi. Aiken farko da za su yi masa bai wuce ya sayo musu sigari ya riƙe canjin ba.